Georgetown ko Great Falls: Ina Ya Fi Dacewa a Taka Turbar Tsohon Mashigin Ruwa a Watan Afrilu?

Malam, na ga tambayarka, kuma bari in maimaita ta a taƙaice domin waɗanda ba su gani ba. Ka ce Hajiya mahaifiyarka ta zo muku ziyara a yankin Washington, kana da Asabar guda ɗaya tak da babu aiki a tsakiyar Afrilu, kuma kana son ka fita da ita da yaranka biyu su sha iska a bakin tsohon mashigin ruwan nan na Chesapeake da Ohio, wanda mutanen gari ke taƙaitawa da C&O. An ba ka shawara biyu, wani ya ce Georgetown, wani ya ce Great Falls. Na taka duka biyun fiye da sau ɗaya, kuma amsata ita ce Great Falls, matuƙar kana da mota kuma za ku iya yin sammako. Amma zan faɗi dalili, domin Georgetown ma tana da abin da ɗayan ba shi da shi.

Wuraren biyu suna kan turba ɗaya ne. An fara haƙa mashigin a ranar 4 ga Yulin 1828, lokacin da shugaban Amurka John Quincy Adams ya ɗebi ƙasar farko, kuma aikin bai kai garin Cumberland na jihar Maryland ba sai a 1850. Tsawonsa mil 184 da rabi ne, wato kusan kilomita 297, kuma yana bin gefen kogin Potomac. Jiragen da ke bi ta cikinsa ba su da inji. Alfadarai ne ke jan su da doguwar igiya daga kan gaɓa, yawanci ɗauke da kwal daga duwatsun yamma zuwa Georgetown, har ambaliyar 1924 ta kawo ƙarshen wannan sufuri. Hanyar da alfadaran suka tattake ita ce turbar da ake yawo a kai yanzu, kuma wannan ne ya sa take shimfiɗe kamar faifai, abin da zai yi wa gwiwar Hajiya daɗi a duk inda kuka zaɓa.

A Georgetown mashigin ya fara, kuma a nan ne ake ƙidaya mil na farko. Unguwa ce da ta girmi birnin Washington kansa, domin an kafa ta tun 1751. Ruwan yana ratsawa ne ta tsakanin dogayen gine-ginen jan bulo waɗanda a da masana'antu ne da ɗakunan ajiya, yanzu kuwa sun koma ofisoshi da gidajen kwana da wuraren cin abinci. Mutum yana sauka daga hayaniyar titin M da 'yan matakala kaɗan, sai ya ji ƙarar motoci ta dushe. A cikin 'yar gajeriyar tafiya za ku ga ƙofofin ruwa huɗu na farko daga cikin 74 da ke kan mashigin. Kowace ɗaya tamkar ɗaki ne na dutse marar rufi, mai ƙyauren katako gaba da baya. Jirgi yana shiga, a rufe bayansa, a saki ruwa har ya ɗaga shi zuwa tsayin sashen gaba, sannan a buɗe masa ya wuce. Yara suna saurin fahimtar abin idan suna tsaye a kansa, fiye da yadda za a bayyana musu da baki.

Akwai kuma wani tarihi a unguwar da ya shafe mu kai tsaye. A nan Yarrow Mamout ya zauna, Bafulatani Musulmi mai ilimin Arabiyya da aka kawo Maryland a matsayin bawa a 1752, ya sami 'yancinsa bayan shekara arba'in da huɗu, ya mallaki gida a layin Dent Place, ya rasu a 1823, shekara biyar kafin a fara haƙa mashigin. Ina tsammanin Hajiya za ta so jin wannan.

Sai dai Georgetown tana da aibi biyu game da abin da ka nema. Na farko, a cikin unguwar kanta ba a ganin canjin yanayin sosai, domin bulo da dutse sun fi itatuwa yawa, kuma turbar tana da ƙunci a wasu wurare, ga masu gudu da masu keke suna wucewa ta kafaɗar mutum. Kafin daji ya buɗe sai an yi tafiyar kusan mil uku zuwa Fletcher's Cove, inda masu ƙugiya ke taruwa a Afrilu saboda kifin shad da ke hawowa daga teku domin ya yi ƙwai. Wurin yana da kyau, amma zuwa da dawowa kilomita goma ne, kuma bai kamata a ɗora wa dattijuwa wannan ba. Na biyu, ana yawan zuƙe ruwan wannan sashe saboda gyaran bango da ƙofofi. Na taɓa kai baƙo da alfahari, muka tarar da kwari busasshe cike da ciyawa, ya dube ni ya ce wannan ai bai kai Jakara ba. Ka ƙara da cewa jirgin ƙarƙashin ƙasa ba shi da tasha a unguwar, sai dai a sauka a Foggy Bottom ko a Rosslyn a ƙarasa da ƙafa, wurin ajiye mota kuwa yana da wuya da tsada ranar Asabar. Shiga dai kyauta ne, kuma abinci da bayan gida suna kusa.

Great Falls tana wajen mil na 14, kimanin kilomita 23 daga inda mashigin ya fara, a ƙarshen titin MacArthur Boulevard. A nan ne mutum yake ganin dalilin da ya sa aka sha wahalar haƙa mashigin tun farko. Kogin Potomac yana gangarowa da kusan mita 23 a ƙasa da mil guda, yana tafasa a tsakanin baƙaƙen duwatsu kafin ya matse ya shiga kwazazzabon Mather, kuma babu jirgin kaya da zai bi ta nan ya fita lafiya. Saboda haka maginan suka jera ƙofofin ruwa shida kusa da juna, daga ta 15 zuwa ta 20, domin jirage su hau tudun mataki-mataki. A bakin ta 20 akwai farin gidan nan da aka fara ginawa a 1828 domin mai tsaron ƙofa, daga baya aka faɗaɗa shi ya zama masauki, yanzu kuma shi ne wurin tarbar baƙi. Daga gidan, tafiya kaɗan ce a kan turbar kafin a karkata zuwa gadojin katako da ke ratsa tsibirin Olmsted har zuwa dandamalin kallon ruwa. Hanyar tana da makari a gefe, ba ta da hawa mai wahala, kuma tun kafin a ga ruwan ake jin rurinsa.

Game da yanayi kuwa, ya kamata a yi wa Hajiya bayani tun a gida, domin idan aka ce mata bazara za ta tuna da zafin Afrilun Kano ko na Sakkwato. A nan Afrilu lokaci ne da sanyi ya ja da baya amma bai tafi ba, safiya tana buƙatar rigar sanyi, rana kuma tana da taushi. Itatuwan da suka yi wata huɗu tsirara suna fitar da toho mai haske, kuma kafin ganye ya rufe sama, furannin ƙasa suna rige-rigen buɗewa. Wanda ya fi shahara shi ne wani shuɗin fure mai siffar ƙararrawa da ke rufe fadamar bakin kogi daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Afrilu, sannan ya ɓace gaba ɗaya har baɗi. A zuwana na ƙarshe na tsaya a kan wani kututture da ya faɗa cikin ruwan mashigin, kififiya bakwai sun jeru a kansa suna shan hantsi, ƙarama ta ɗora ƙafafunta a bayan babba, can gefe kuma zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya bai ko motsa ba. Wannan ba a samunsa a tsakanin gine-ginen Georgetown. Ku dai ja yara daga kusa da dinyoyin da ke kiwo a gaɓa, domin lokacin ƙyanƙyasarsu ne, kuma uwar tana miƙe wuya ta yi huci ta biyo mutum.

Wannan dajin da ƙyar ya tsira. Bayan mashigin ya mutu, an yi shirin shimfiɗa titin mota a kansa, har jaridar Washington Post ta goyi bayan shirin. Alƙalin Kotun Ƙoli William O. Douglas ya ƙalubalanci editocinta da su zo su taka turbar tare da shi, kuma a watan Maris na 1954 suka yi tattakin kwana takwas daga yankin Cumberland zuwa Washington. Ra'ayin jama'a ya juya, a 1971 kuma aka mai da mashigin wurin tarihi na ƙasa. Gunkin kan Douglas yana Georgetown kusa da ƙofa ta uku, amma abin da ya yi wa faɗan a Great Falls ake ganinsa.

Great Falls ma tana da nata sharuɗɗan. Ana biyan kuɗin shiga a kan kowace mota, kuma ranar Asabar mai kyawun yanayi layin motoci yana tsawo tun kafin azahar, don haka ku isa da hantsi. Ku tafi da abincinku da tabarmar salla, domin babu kantuna a kusa kamar na cikin gari. Idan an yi ruwan sama mai yawa a kwanakin baya kogin yana cika, a rufe gadojin tsibirin, saboda haka ka duba shafin hukumar da ke kula da wurin kafin ku fito. Za ka ga alamar wata hanya mai suna Billy Goat, kuma yara za su roƙe ka ku bi ta. Sashenta na farko hawan duwatsu ne da hannu da ƙafa a bakin kwazazzabo, ba na dattijuwa ba ne, ba kuma na ƙaramin yaro ba. Shiga kogin haramun ne a dokar wurin, ko da tsoma ƙafa ne, domin samansa yana iya yin lumui alhali ƙarƙashinsa yana ja, kuma ya ci mutane da yawa. Idan kun koma gida a duba jikin yara saboda kaska, musamman bayan gwiwa da cikin gashi.

Kuskure ɗaya da baƙi ke yawan yi shi ne na taswirar waya. Great Falls biyu ce, ɗaya a Maryland, ɗaya a tsallaken kogi a Virginia, kuma babu gada a tsakaninsu a wurin. Ta Virginia ma tana da kyau, har da kangon wani mashigin da ya girmi wannan, wanda kamfanin George Washington ya haƙa, amma turbar alfadaran da kake nema tana ɓangaren Maryland. Ka rubuta Great Falls Tavern, wato sunan farin gidan nan, ka tabbata ka ga sunan MacArthur Boulevard.

Idan kuwa motar ba ta samu ba, ko Hajiya ta tashi da ciwon ƙafa, ku tafi Georgetown bayan la'asar, ku taka daga ƙofa ta farko zuwa gadar Key, ku gangara dandalin bakin kogi ta zauna a kan benci yara su yi wasa. Cibiyar Musulunci ta Washington da ke titin Massachusetts ba ta da nisa a tasi, kuna iya samun magariba a can. A gaishe da Hajiya, Allah ya huci gajiyar hanya.