Canjin kaya da kintace ko gwajin hayaƙi: amsar tambayar P0456

Ɗan'uwa mai Corolla, na ga tambayarka tun da hantsi, aiki ne ya riƙe ni a gareji. Ka ce wutar cek-injin ta kama, an sa wa motar kwamfuta ta nuna P0456. Bakanike ɗaya ya ce a canja murfin tanki da akwatin gawayi a huta, na biyu ya ce kada a taɓa komai sai an yi gwajin hayaƙi. Kana so a ajiye maka su gefe da gefe.

Fetur yana tururi a cikin tanki, musamman a zafin bazara irin namu na Katsina. Maimakon tururin ya fita iska, tiyo yana kai shi wani akwati cike da gawayi ya tsotse. Idan inji ya ɗau zafi, bawul ɗin da ke gaba kusa da inji sai ya buɗe, a ja tururin a ƙone. Akwai kuma bawul na baya, wanda akwatin ke shan iska ta cikinsa. Na gaba a rufe yake zama, na baya a buɗe. Motocin Amurka daga 1996 suna gwada wannan layin da kansu, in sun ga kafar da tururi ke fita sai su nuna lamba: P0455 babbar kafa ce, P0442 ƙarama mai kusan milimita 1, taka kuwa ita ce mafi ƙanƙanta, wajen rabin milimita. Ramin allura ke nan, a layin da ya taso daga tanki har gaban mota.

Shawarar na farko tana da gaskiya a abu guda, wato murfi. Kafin ka biya kowa, kwance shi ka duba robar da ke zagaye da shi a hasken rana. Wadda zafi ya cinye za ka ga ta bushe tana tsattsagewa kamar diddige a hunturu, ƙura ta kwanta a bakin tankin. Goge wurin, ka ɗaura har ya yi ƙas. Idan robar ta mutu, sayi na asali. Na sha ganin sabon murfi na jabu yana zubar da iska fiye da tsohon da aka jefar.

Daga murfi zuwa sama ne hanyar take ɓaci. Lambar ba ta ce akwatin gawayi ya lalace ba, cewa ta yi akwai kafa a wani wuri. Ga kuma jira. Ka canja abu, a goge wuta, ka tafi da murna, alhali motar ba ta sake gwada kanta ba tukuna. Toyota 'yan Amurka na shekarun nan suna da ɗan famfon da ke yin wannan gwajin a jikin akwatin, yana tashi kamar awa 5 bayan an kashe mota, kuma sai inji ya huce ƙasa da digiri 35. Shi ne ɗan gurnanin da wasu ke ji a ƙarƙashin mota da daddare su tsorata. A watan Afrilu nan garin, sai a kwana biyu gwajin bai samu sanyin da yake so ba. Ka je Daura ka dawo lafiya lau, bayan mako wutar ta dawo, kuɗin akwati sun riga sun tafi.

Ni kaina na taɓa yin wannan kuskuren, kuma har yau yana damuna. Wani dattijo ya kawo Camry, na sa ya sayi akwati, wutar ta dawo, na sa ya sayi bawul, ta sake dawowa. Bai ce mini komai ba sai "Allah ya sa mu dace, ɗana." Da na ari na'urar hayaƙi, cikin mintuna kaɗan na ga siririn farin hayaƙi kamar zare yana tashi daga wata gajeriyar roba a saman tanki, ta tsage ta gefen da ido ba ya kaiwa. Kuɗin robar bai kai na cin rana ba.

Gwajin hayaƙi haka yake: a rufe bawul na baya da kwamfuta, a tura hayaƙi a layin a hankali, matsin bai wuce rabin psi ba (ma'aunin da ake auna iskar taya da shi), a bi da tocila. Inda ya fito, nan ne ciwon. Za ka biya kuɗin gwajin, kuma ba kowane gareji ke da na'urar ba, sai ka tambaya. Shi ma yana da iyaka. Bawul na gaba da ke maƙalewa yau ya saki gobe zai iya tsallake gwajin, don haka a cire shi a gwada ko yana riƙe iska idan ba wuta a jikinsa. Don Allah kada ka yarda a ɗauko iskar mai faci a hura a tanki, ko a kunna taba a busa a tiyo. Iskar tana fasa abin da yake lafiya, tabar kuma wuta ce kusa da tururin fetur.

Akwai alamu biyu da za su rage maka hanya. Idan motar tana wahalar tashi daidai bayan an sha mai, zargi bawul na gaba. Idan famfon gidan mai yana ta katsewa tanki bai cika ba, hanyar iska ta baya ce ta toshe, kuma ƙurar hunturu tana yawan jawo haka.

Da tawa ce, murfi zan fara dubawa yau, in ba ta mako guda da mai tsakanin kwata da kashi uku cikin huɗu na tanki. In wutar ta dawo, hayaƙi kafin in sayi ko da ƙusa. Kuma idan famfo ya katse da kansa a gidan mai, ka ce ya isa. Jijjiga mota a ƙara, ko ɗurin 'yan bumburutu da mazurari har wuya, shi ke tura ruwan fetur cikin gawayin da tururi kaɗai aka yi shi ya ɗauka. Turo mini hoton robar murfin in gani.