Wane injin zuƙar iska za ka saya wa teburin CNC a garin da wuta ba ta zama?

Duk wanda ya ajiye ƙaramin injin CNC, wato injin yanka da sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa, a shagonsa, a Bichi ne ko Ringim ko Gaya, ya san cewa ɗaure katako ya fi yankansa cin lokaci. A ɗaure kusurwa huɗu, a tsara yadda haƙorin yanka zai kauce wa ƙarfen ɗaurin, a gama a kwance, sannan a bar ramuka a jikin aikin mutane. Tebur mai zuƙar iska yana kawar da wannan wahala: ka ɗora fallen, ka buɗe bawul, ya manne kamar an lafta masa gam. Teburin kansa kafinta zai iya haɗa shi cikin kwana biyu. Inda kuɗi ke salwanta shi ne wajen zaɓen injin da zai yi zuƙar.

Sai an fara da lissafi, domin shi ne zai hana a yi maka daɗin baki. Injin zuƙa ba ya jan katako. Iskar da ke ƙarƙashinsa yake kwashewa, sai nauyin iskar sama ya danne shi. A bakin teku wannan nauyi ya ɗan haura kilo 1 a kan kowace murabba'in santimita. Kano tana sama da teku da kusan mita 480, don haka namu ya ɗan gaza, wajen kilo 0.97. Wannan shi ne maƙura, babu injin da zai wuce shi. Allo mai santimita 20 da 30 yana da murabba'in santimita 600. Da bar ake auna ƙarfin zuƙa, bar 1 kusan kilo 1 ne a kan murabba'in santimita. Injin da ke zuƙar bar 0.15 zai danne shi da kusan kilo 90, wanda ke zuƙar bar 0.8 kuma da kusan kilo 480. Amma haƙorin yanka ta gefe yake tura katako, kuma ƙarfin hana zamewa bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku na dannawar ba. Yanzu ɗauki ɗan guntu mai santimita 8 da 8, irin harafin da ake yanka wa allon shago: a bar 0.15 kilo 10 ne kawai a kansa, wato kilo 3 ko 4 ta gefe. Yana gama yankuwa zai yi tsalle. A bar 0.8 yana da kusan kilo 50.

Injinan iri biyu ne a asali: masu kwasar iska mai yawa da rauni, da masu kwasar iska kaɗan da ƙarfi. Na farko ana haɗa su da teburin da aka shimfiɗa wa MDF, wato allon garin katako da aka matse, iska tana bi ta cikin jikin allon. Na biyu sai da teburin da aka zagaye da igiyar roba don kada iska ta sami ƙofa. Wanda ya gauraya su, ya haɗa ƙaramin famfo da teburin MDF buɗaɗɗe, allurar gejinsa, wato agogon auna zuƙa, ko motsi ba za ta yi ba.

Injin sharar ƙura shi ne abin da kowa ke fara tunani. Yana cin wat 1,000 zuwa 1,400, zuƙarsa ba ta wuce bar 0.15 zuwa 0.2, ƙararsa ta ishi maƙwabta, kuma da yawansu iskar da suke zuƙa ce ke sanyaya motarsu. Ka toshe bakinsa da katako na awa guda a zafin Afrilu, ka gasa shi. A bar shi ya yi sharar da aka ƙera shi dominta. Bulowa irin ta masu kiwon kifi ta fi shi juriya nesa ba kusa ba, tana kai bar 0.2 zuwa 0.3, amma wadda za ta riƙe cikakken falle babba ce. Manyan injinan CNC na masana'antu da ake kira 1325, masu tebur mai mita 1.3 da 2.5, famfo mai kilowat 5.5 ko 7.5 ake haɗa musu, mai wuta layi uku. Wa zai ba ka wannan wutar a ƙauye? Ɗan bututun nan da ake kira benturi kuwa, mai zuƙa ta hanyar hura iskar kwamfuresa, yana da araha a hannu, sai dai kwamfuresar ba za ta huta ba, man janareta ne zai biya bashin.

Kwamfuresar tsohon firiji ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. Kowane mai gyaran firiji yana da su jibge, ba ta da ƙara, wat 100 zuwa 150 take ci, kuma tana iya haura bar 0.8. Matsalarta ƙarancin numfashi, lita 10 zuwa 20 a minti. Ɗan yoyo kamar bakin allura ya ishe ta kasawa. Tana kuma tofar da mai ta bututun fita, in ba a mayar mata ba ta ƙafe ta kama. Ga mai yanka ƙananan alluna na akirilik tana iya fara masa hanya. Famfon masu gyaran AC mai mai a ciki ya fi kowa zuƙa mai zurfi, amma an yi shi ne don bututun da ba ya yoyo. Iska na ratsa shi sai ya riƙa fesa hayaƙin mai, shago ya turnuƙe, man ya sauka a kan katakon da za a yi wa fenti.

Wanda ya fi dacewa da mu shi ne famfo mai fistan biyu marar mai. Shi ne irin kan da ke bisa ƙananan kwamfuresa marasa ƙara, irin na likitocin haƙori da masu fenti, kuma irinsa ne a cikin injin iskar oksijin na asibiti. Idan aka haɗa tiyo a bakin da yake shaƙa maimakon bakin da yake hurawa, ya zama injin zuƙa. Mai wat 550 yana kwasar kusan lita 100 a minti, yana kai bar 0.8 ko sama da haka kaɗan, yana jan wajen amfiya 2.5 a wutarmu ta bolt 230. Wannan haɗin ne ba a samu a sauran: ƙarfin da zai riƙe ƙaramin guntu, da isasshen numfashin da zai yafe ɗan yoyo, a wutar da janareta mai kilowat 2.5 zai ɗauka tare da injin yanka mai kilowat 1.5 idan ba a dulmiya haƙori da yawa ba. Inbatar sola mai ƙarfi ma tana ɗaukarsa. Babu mai, don haka babu hayaƙi, babu tabo. Abin da ke cinyewa a cikinsa zoben fistan ne da 'yan siraran faranti na bawul, kuma makanikin da ya iya kwance injin babur zai canza su cikin rabin awa.

Yana da sharuɗɗa biyu. Ba ya son tashi alhali akwai zuƙa a layi, sai ya tsaya yana gurnani har waya ta yi zafi, saboda haka a sa ɗan bawul kusa da shi da za a buɗe wa iska kafin a kunna. Sannan ƙura ce ajalinsa. Garin MDF da ƙurar hunturu suna cin zoben fistan kamar yashi. A sa matata tsakaninsa da tebur. Kwalbar tace ruwa mai inci 10 da abin tacewa na maikuron 5 ta wadatar, kuma ta garai-garai ta fi, don ka ga ranar da ta cika.

Teburin da zai tafi da shi ba wani abin tsoro ba ne. A manne falle biyu na MDF mai milimita 18, ko a samu farantin farar roba mai kauri irin na yankan nama, milimita 20, wanda ya fi domin ba ya shan iska kuma damina ba ta kumbura shi. A ɗaure shi a kan injin CNC, injin da kansa ya share fuskarsa ta daidaita. Sai a yanka kwatami a tsaye da kwance, tazarar milimita 30, faɗi 5.5, zurfi 4.5, don igiyar roba mai milimita 6 ta shiga da matsi ta leƙo da kusan 1.5. Tebur mai santimita 60 da 90 a raba shi gida huɗu, kowane gida da raminsa da abin toshewa. Idan MDF ne, a shafe shi da banish sau uku, har cikin kwatami da gefuna, gefunan ma su ne suka fi sha. Tiyo mai milimita 12 zuwa 16 mai zare ko waya a jikinsa, domin tiyon ban-ruwa na yau da kullum lanƙwamewa yake yi. Tanki na tsohuwar kwamfuresa mai lita 24 yana sa katako ya kama nan take. Jarka kuwa sai ta motse a gabanka. Tukunyar gas kada a kusance ta da walda ko abin huji.

Iyakarsa a bayyane take. Idan ka huda aikin a cikin zagayen igiyar, zuƙa ta tafi gaba ɗaya. A bar 'yar fata mai milimita 0.3 zuwa 0.5 a ƙasa, a ƙarasa da wuƙa. Katakon da ya fito daga zarto bai sha injin daidaita fuskar katako ba, ko wanda ya karkace, ba zai zauna a kan igiya ba. Ɗanyen MDF marar rufi shi ma iska na ratsa shi, sai an shimfiɗa leda a sassan da ba a yankawa. Mai yanka kayan kicin daga cikakken falle duk rana, wannan ba injinsa ba ne.

To, kasuwa. Ko a Sabon Gari za ka nema, ko wajen masu tsofaffin injina a Ƙofar Ruwa, ko a waya za a aiko maka, kada ka fita sai da gejinka a aljihu, wanda ka saya daban kafin komai. Lambar da ke kan kwali ba shaida ba ce, takarda ce da ake bugawa a liƙa. Gejin mai kaya ma ba shaida ba ne. Idan aka nuna maka allura ta kwanta a kan 76 a ma'aunin santimita, ko 30 a na inci, wato cikakken nauyin iskar bakin teku, a nan ƙasar Kano, ka san gejin ne ke ƙarya, domin iskar da ke kanmu gaba ɗayanta ba ta wuce wajen 72 ba. Duba ko allurar tana komawa sifili idan an cire tiyo. Akwai masu lanƙwasa ta.

Zurfin zuƙa kuma rabin labari ne. Famfon da zobensa ya cinye yana iya lallaɓawa ya kai bar 0.7 idan an toshe bakinsa da yatsa, a tebur kuma ya kasa riƙe komai. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne na tanki: a haɗa shi da tanki mai lita 24, a duba agogo. Mai lita 100 a minti na gaskiya zai kai bar 0.5 cikin daƙiƙa 15 zuwa 20. In ya ɗauki minti guda, rubu'in abin da aka rubuta yake bayarwa, ko mene ne maigidan shagon ya rantse da shi. Idan ya ce ba a gwaji, ka ce Alhaji Allah ya ba da kasuwa, ka yi gaba.

Sai tarkon wutar Amurka. Tsofaffin famfuna da yawa da ke shigowa na bolt 110 ne, wasu an kankare rubutun. Ka jona shi a 230, ya ƙone kafin ka ɗauke hannu. Ko wanda ke karɓar 230, idan lissafin litarsa na 60Hz ne, wato saurin bugun wutar Amurka, a wutarmu ta 50Hz zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida. Ka karanta farantin ƙarfen da ke jikin motar, ba takardar da aka manna ba. Na cikin injin oksijin kuwa ka tambayi kanka dalilin da ya sa aka fidda shi, domin yawanci sai ya yi dubban awanni yana aiki.

Motar da aka sake naɗa wa waya ita ce ta fi ciwo, saboda a ranar saye lafiya lau take juyawa. Ana naɗa wayar alminiyom mai launin jan ƙarfe, a fesa wa gangar jiki sabon fenti. Ka leƙa ta ramukan iska, ka shinshina: ƙaurin ƙuna ko warin sabon banish a tsohon inji alama ce. In an yarda, kankare bakin waya ɗaya, in fari ya bayyana ka ajiye. Ka bar shi ya yi minti 15 yana zuƙa da baki a toshe. Kan fistan zai yi zafi, wannan ɗabi'arsa ce, amma motar da ta fara wari ko ta yanke da kanta a cikin wannan ɗan lokaci ba za ta ga ƙarshen bazara ba. Kafasita ma ana musanya ta da ƙarama. In ka ji yana jan ƙafa wajen tashi ba tare da lodi ba, ka gwada lambar da ke jikinta da wadda ke farantin mota. Mai sayen kwamfuresar firiji ya tafi da mitar auna wuta: tsakanin ƙafafunta uku na jona waya, ƙananan karatu biyu su haɗu su ba da babban, kuma kada ko ɗaya ta nuna haɗi da gangar jiki. Ya karkata ta ya ga man, baƙin mai mai wari na wadda ta ƙone ne.

Har igiyar roba ba ta tsira ba. Wadda ake so soso ce mai rufaffun ƙwayoyi. Ana miƙo wa mutane mai buɗaɗɗun ƙwayoyi, irin ta jikin taga, a ido duk ɗaya. Yanki ɗan guntu, ka sa a baki ka hura: in iska ta wuce, to za ta wuce a teburinka ma. Ko ka matsa shi a cikin kofin ruwa, in ya sha ruwa ya yi nauyi, mayar masa da abinsa. Idan ka kai gida ka haɗa komai, ka ɗora gilashi ko akirilik, ka zuƙa zuwa bar 0.8, ka rufe bawul ka kashe inji. Allurar da ta sauka ƙasa da 0.6 cikin minti guda tana nuna yoyo, kuma wurin da za ka fara dubawa shi ne inda bakunan igiyar biyu suka haɗu. A yanka ta da tsawon da ya ɗara da milimita 3, a cusa bakunan su tokari juna.