Kwali ko Kofin Shayi: Da Wanne Za Ka Fara?

Mai son koyon yadda abu ke ƙanƙancewa a zane in ya yi nisa, kwali ko kofin shayi ya ishe shi gwaji.

Kwali ba ya ɓoye komai. In fuskarsa tana kallonka kai tsaye, gefunansa da suka nufi baya, in ka tsawaita su da rula a zanenka, za su haɗu a ɗigo guda daidai tsayin idonka. In ba su haɗu ba, da gyara. Wannan ƙa'idar ce Alberti, wani masanin zane da gine-gine, ya rubuta a Italiya a 1435. Sai dai ka guji kwalin ashana, ya yi ƙanƙanta, ba za ka ga matsewar layukan ba. Kwalin taliya ya fi.

Kofi kuwa mayaudari ne. Bakinsa da'ira ce, amma daga gefe a matse za ka gan ta, tana ƙara buɗewa gwargwadon saukarta ƙasa da idonka. Shi ya sa gindin ya fi bakin lanƙwasa. Masu koyo kan ja gindin a miƙe, su yi wa gefen bakin tsini kamar ido.

Ni dai kwali zan ba ka tukuna. In hannunka ya faɗa, ka zana dogon kwali, ka fitar da kofin daga cikinsa.