Hattara da masu tallar risibar da wai take ratsa kabon

Masu tashin ƙananan jiragen rimot, musamman waɗanda gangar jikin jirginsu ta zaren kabon ce, a yi hattara. Akwai masu talla a shafukan saye da sayarwa na intanet da ke ɗora hoton risiba (na'urar da ke karɓar siginar rimot a cikin jirgi) ta gigahaz 2.4, su ce an ƙera ta ne don kabon, ka cusa ta ciki har da eriyarta ka rufe, ba sai ka huda komai ba. Ƙarya ce. Zaren kabon yana ɗaukar lantarki, saboda haka yana tare igiyar rediyo kusan kamar gwangwanin ƙarfe. Ko nawa ka sayi risiba, muddin eriyarta na kulle a cikinsa, kusan kurma ce.

Risibar ƙwarai da kamfanoni irin su Spektrum suka fitar don jikin kabon ba ta da wani sirri. Dogayen wayoyi guda biyu masu sulke (ragar ƙarfe da ke lulluɓe cibiyar wayar) aka sa mata, domin ita ta zauna ciki, kawunan eriyar su leƙo waje. Abin da ke kama sigina shi ne ƙarshen da aka feɗe wa sulke, kimanin milimita 31, wato rubu'in zangon igiyar mai tsawon santimita 12.5. Sauran wayar hanya ce kawai.

A nan 'yan damfara ke cin kasuwarsu. Wani zai ɗauki risiba mai gajerun eriya, ya liƙa mata doguwar waya marar sulke, ya rufe da baƙar roba, ya ce ta kabon ce. Tsawon eriya ya lalace ke nan, kuma yawancin wayar na kwance cikin kabon. Wani kuma jabu yake sayarwa da tambarin sanannen kamfani: eriya biyu a ido, amma ta biyun gam kawai ke riƙe da ita, ba ta haɗe da komai a kan allon lantarkin risibar. Ka tashi jirgi kana ganin kana da kunne biyu, alhali ɗaya ne. Sitika ko fenti da ake cewa yana ƙara sigina kuwa, ko kallo bai cancanta ba.

Abin da ya sa ake faɗawa tarkon shi ne, a kan tebur komai yana aiki. Da tazarar mita ɗaya ko biyu, risibar da eriyarta ta tsinke ma tana amsa rimot. Bidiyon da mai sayarwa ya turo yana kaɗa fukafukai a ɗaki bai tabbatar da komai ba. Sai jirgi ya yi nisa, ya karkata, gangar jikinsa ta shiga tsakanin rimot da eriya ɗayan da ke aiki, sannan sigina ta yanke. Jirgin kabon marar inji yana da gudu da kaifin hanci, in ya kuɓuce ba kuɗi kaɗai ke cikin haɗari ba, har mutanen da ke filin.

In kaya sun iso, buɗe murfin risibar kafin ka ɗaura ta. Duba ko kowace waya tana kan ɗan maɓallinta na U.FL, ko an liƙa ta da dalma wuri biyu, cibiya daban, sulke daban. In ta maɓalli ce, cire ta a tsaye a hankali, domin ba ya jure cirewa da mayarwa fiye da kamar sau 30. Sa maltimita, na'urar auna lantarki: daga cibiyar maɓallin zuwa kan eriya dole wuta ta wuce, tsakanin cibiya da sulke kuma kada ta wuce. Auna ƙarshen da ruler. In ka ga milimita 20 ko 50, akwai matsala.

Haka ma a yi hattara da masu sayar da gangar jirgi da cewa hancinta na Kevlar ne (wani zare mai ƙarfi da ba ya ɗaukar lantarki) ko zaren gilashi, eriya za ta iya zama ciki. Irin wannan hanci akwai shi da gaske, amma maganar baki ba hujja ba ce. Haska tocila daga ciki: gilashi da Kevlar suna barin haske ya ɗan ratsa inda fenti bai yi kauri ba, kabon ba ya bari. Ka kankare ɗan wuri daga ciki ka ɗora maltimita, in ta nuna wuta na wucewa, kabon ne.

Ɗaurin da ya dace: huda rami biyu na kimanin milimita 2, ɗaya kowane gefe, ka zura siririn bututun roba don bakin kabon kada ya yanke waya. Milimita 31 ɗin nan su fito waje gaba ɗaya, su miƙe nesa da jiki, kada a manna su da tef. Tsakanin eriyar biyu a sami digiri 90, kuma kada inuwar fiffike ko ta batir ta rufe su tare. Kada a lanƙwasa wayar lanƙwasa mai kaifi, sulken yana karyewa daga ciki ba a gani.

Sannan gwajin nisa. Sa rimot a yanayin rage ƙarfi, ka ja baya mita 30, wani ya riƙe jirgin yana juya shi, hanci, wutsiya, ciki da baya. In ya yi gardama ta ko da fuska ɗaya, kada ya tashi. Saita umarnin ko-ta-kwana, wato abin da jirgi zai yi in sigina ta yanke, tun a ƙasa, ka kashe rimot ka ga ya kama.

Wajen biya, duk wanda ya ce ku koma gefe ku gama ciniki a wajen shafin, ko ka tura ta hanyar 'yan uwa da abokai ta PayPal, rabu da shi, domin wannan hanyar ba ta da kariyar mai saye. Nemi hoton cikin risibar da murfi a buɗe kafin ka biya. Wanda ya riga ya karɓi jabu ya ɗauki hoton allon da na awon maltimita, ya shigar da ƙorafi a shafin kafin wa'adin mayar da kaya ya cika.