Fitilar taimin: tana maganin harbin salansar 504, amma ba kowane harbi ba

A garejin Jos, har yanzu da kunne ake saita wutar yawancin tsofaffin Peugeot 504: a sassauta dilko (na'urar da ke raba wa fulogogi wuta), a murɗa shi har ƙarar injin ta yi daɗi. Kunne kuwa yana ruɗi. Fitilar taimin ta volt 12, mai maƙata a jikin wayar fulogi, wadda ke walƙawa duk lokacin da wuta ta tafi fulogin, ita ce ke raba gardama.

Haɗa ta babu wuya. Jan waya da baƙi su tafi kan batir, maƙatar ta kama wayar fulogi na ɗaya. A nan mutane ke kuskure, domin a 504 silinda ta ɗaya tana can ɓangaren giyabos, ba ta gaba kusa da lagireto ba. A bar injin ya yi zafi, a cire tiyon iska na dilko a toshe shi, a shafa alli a kan alamar taimin da ke jikin fulin gaban injin, sannan a haska ta injin yana silo. Amma tun kafin nan a gyara tazarar kwantak ɗin cikin dilko zuwa milimita 0.40, don duk taɓa kwantak yana gusar da taimin.

Idan wuta ta makara, mai yana fita yana ci har cikin salansa, shi ne "fau-fau" ɗin da ake ji an saki totur. Fitilar tana nuna wannan nan take. Ta fi birgewa wajen farautar silindar da ke ɗingishi: a bi wayoyin huɗu ɗaya bayan ɗaya, wadda haskenta ke ɗaukewa to matsalarta na tsakanin murfin dilko, wayar da fulogin. In alamar na tsalle ba ta tsayawa wuri ɗaya, mai yiwuwa sandar dilko ce ta cinye, sabon fulogi ba zai yi komai ba. A duba jerin wayoyin ma, 1-3-4-2 ne, kuma sauya biyu kawai ya isa motar ta yi harbi.

Iyakarta ke nan. Ba ta ganin bawul ɗin hayaƙi da ya matse ko ya ƙone (tazararsa milimita 0.25 ce injin na sanyi, na shigar mai 0.10), ba ta ganin gaskit ɗin salansa mai shan iska, ba ruwanta da kafireta. Na ƙarshen nan ya shafi Jos sosai: garin na bisa tudun da ya kai mita 1,200, iskar ba ta da kauri, don haka kafiretar da aka saita a Kaduna takan yi wa injin yawan mai a nan. Fulogi ya yi baƙin toka, wuta ta riƙa tsallakewa, alhali taimin daidai yake.

Fitilun taimin masu arha haskensu ba ya tasiri a rana, sai an ja motar inuwa. Maƙatar kuma da ta faɗi kan siminti ta tsage, shi ke nan. Ga mai 504 ko 505 mai kafireta ta cancanci kuɗinta, in dai an haɗa ta da ma'aunin tazara da gejin kwamfireshan.