Hattara da Masu Tallar Dayamon Ɗin Free Fire a WhatsApp

Jama'ar Damagaram, musamman samarin fada da iyayen yara, akwai wani mutum da ke yawo a rukunonin WhatsApp yana tallar dayamon na Free Fire da UC na PUBG, wato kuɗin sayayya a cikin waɗannan wasannin waya, a rabin kuɗi. Ya ci ƙanena makon jiya, kuma tun daga lokacin na ji labarin wasu biyu a Zango da Garin Malam.

Ga yadda ya yi. Ya fara sayar wa yaron dayamon na jika 1, kuma suka shigo. Da yaro ya saki jiki ya tura jika 7, kuɗin da ya tara wajen taya mai shago aiki a Kasuwar Dole, sai mutumin ya ce wannan karon sai an ba shi adireshin Gmail da lambar sirri, wai zai shiga ya zuba da kansa. Can kuma ya ce: "Ƙanena, wata lamba za ta shigo maka yanzu, turo min ita da sauri." Yana turawa aka fitar da shi daga asusunsa. Kuɗi sun tafi, asusun wasan da ya yi shekara 2 yana ginawa ya tafi, hotunan gida da lambobin waya duk suna hannun ɓarawo. Daga baya ma mutumin ya dawo yana neman jika 10 kafin ya mayar da asusun.

Abin da ya kamata kowa ya sani: zuba dayamon na gaskiya lambar ɗan wasa kawai yake buƙata, wadda ke rubuce a shafinka cikin wasan. Ba ya buƙatar lambar sirri. Lambar nan da Google ke turowa ta saƙo kuwa mabuɗin ƙofa ce, an yi ta ne don kada baƙo ya shiga ko da ya san lambar sirrinka.

Na san abin da ke tura yaranmu hannun irin waɗannan. Play Store kati na banki yake so, mu kuma yawancinmu kuɗinmu a waya suke. Shi ya sa wasu ke sayen katin kyauta na Google Play, amma shi ma a kula: katin da aka sayar don Amurka ko Faransa ba ya aiki sai a asusun ƙasar. Ka saya ka kankare, ya ƙi shiga, mai sayarwa ya kashe waya. Dayamon mai arha kuma sau da yawa da katin sata aka saye shi, mai katin na kai ƙara a janye dayamon ɗin, wani lokaci har a rufe asusunka.

Haka wasan da ake turowa ta Telegram ko Xender, wai "an buɗe shi, dayamon ba iyaka". Bai bi ta tantancewar Play Store ba, yana iya karanta saƙonninka, kuma kamfanin Garena mai Free Fire na korar duk wanda ya kama da shi.

Iyaye, in kun haɗa kati da waya, ku shiga saitin Play Store ku sa a riƙa tambayar lambar sirri kafin kowane saye. Namu dai mun kai maganar komisariya da hotunan hirar da lambar da aka tura kuɗin, muna jira. Har jiya da dare mutumin yana talla da sabuwar lamba.