Na je koyon taici a ƙauyen Chenjiagou: abin da na samu da abin da ban samu ba

Duk wanda ya zauna a Guangzhou ya saba ganin tsofaffi a lambunan shan iska da sassafe, sun jeru suna ɗaga hannu a hankali suna saukewa. Mu 'yan kasuwar unguwannin Xiaobei da Sanyuanli kallon rawar tsofaffi muke yi wa abin. Galibi wanda ake gani a lambu shi ne taici mai motsi 24, wanda hukumar wasannin ƙasar Sin ta taƙaita daga salon gidan Yang a 1956 don jama'a su riƙa motsa jini. Amma asalin taici, ko taijiquan kamar yadda Sinawa ke kiransa, dabarar faɗa ce, kuma wannan ne ya ja ni. Ina fama da ciwon baya da na samo wajen tsayuwar lodin kwantena, ga shi na taso da son kokawa. Lokacin da masana'antu ba su gama dawowa daga hutun bikin bazara ba, wato sabuwar shekarar Sinawa, sai na biya kuɗin wata makarantar kwana a ƙauyen Chenjiagou. Tallarta ta yi alkawarin abu biyu: horon cikin jiki, da yadda ake amfani da shi a faɗa. A kan waɗannan biyun zan auna ta.

Chenjiagou na gundumar Wenxian ne, ƙarƙashin birnin Jiaozuo a lardin Henan, arewa da Rawayen Kogi. Jirgin ƙasa mai gudu yana kai mutum Zhengzhou daga Guangzhou cikin kamar awa shida, daga nan a shiga mota a haye kogin. A wannan ƙauye ne Chen Wangting, tsohon sojan ƙarshen daular Ming, ya harhaɗa dabarun gidansu a ƙarni na 17. A nan ne kuma Yang Luchan, baƙo daga Yongnian ta lardin Hebei, ya yi shekaru yana koyo a hannun Chen Changxing kafin ya kai abin Beijing, kuma daga gare shi salon Yang ya fito. Har yanzu ana nuna wa baƙi gidan da ya yi karatun. Akwai katafaren gidan tarihi da ƙofofin ado da motocin 'yan yawon buɗe ido, ga shi UNESCO ta saka taici cikin jerin al'adun gado na duniya a Disamban 2020. Wuni guda ya isa a gama kallon wannan duka.

Karatu yana farawa ne da tsayuwa, wadda suke kira zhan zhuang. Bayan sallar Asuba da ɗan gudu a tsakar makaranta, sai a jera mu. Ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannaye a gaban ƙirji a zagaye, haɓa a ɗan ja ta ciki. Shi ke nan, ba motsi, minti 20 zuwa 30. A ido ba komai ba ne. Kafin a yi minti biyar cinyoyina sun fara rawa, kafaɗuna sun ɗauki zafi, gumi na bin gadon bayana duk da sanyin da ake yi. Malaminmu, wanda muke kira laoshi, wato malam da Sinanci, mutum ne gajere mai shekaru hamsin da ɗoriya, ba shi da yawan magana. Yakan zagayo ta bayanka, ya ɗora yatsu biyu a kwankwasonka ya tura kaɗan, ya sa ɗaya hannun a matsematsinka ya danna, yana cewa "fangsong, fangsong", wato saki jiki. Gyaran bai wuce faɗin yatsa ba. Amma nan take nauyin da ke rataye a bayana ya gangara cinya, ya sauka tafin ƙafa. Zafin ƙafa ya ninku, bayan kuma ya yi sakayau. Ranar na gane cewa shekara da shekaru da ƙashin baya nake tsayuwa, ƙafafuna suna hutawa.

Wannan gyaran hannu da hannu shi ne abu mafi daraja da kuɗina ya saya. Babu bidiyon da zai yi maka shi, domin kai a ganinka a miƙe kake, sai wani ya taɓa ka za ka san ka karkace.

Daga tsayuwa sai chansijin, atisayen da aka sa wa sunan yadda ake warware zaren siliki. Hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan yana zana da'ira a gabanka, nauyi yana komawa daga wannan ƙafa zuwa waccan. Ƙa'idar ita ce hannu ba ya tafiya shi kaɗai. Ƙafa ce ke tura ƙasa, ƙugu ya juya, juyin ya bi baya ya fito kafaɗa, ya murɗa gwiwar hannu har zuwa yatsu. Cibiyar motsin suna kiranta dantian, wurin da ke ƙasan cibiya. Da zarar hannu ya riga ƙugu, laoshi zai kama wuyan hannunka ya tsayar, ya ce "zai lai", a sake. Mun yi makonni muna wannan da'irar, kuma ban ga ɓata lokaci a ciki ba.

Ana yawan tambayata game da qi, ƙarfin ɓoyen nan da ake cewa yana zagaya jiki. Sun yi mana maganarsa, kuma na ji ɗumi da nauyi a tafin hannu lokacin tsayuwa. Amma duk abin da na gani yana aiki, ina iya bayaninsa da daidaita ƙashi, sakin tsokar da ba a buƙata, numfashi mai sauka ciki, da haɗa gaɓoɓi su motsa tare. Ban ga an ture kowa ba tare da an taɓa shi ba, kuma laoshi bai taɓa da'awar hakan ba. Na girmama shi a kan wannan, domin akwai masu cin abinci da irin wannan da'awa.

Jerin motsin da aka koya mana shi ne laojia yilu, tsohon tsari na farko, mai motsi saba'in da 'yan kai. Ya sha bamban da na lambu. Ana yin ƙasa sosai, ana tafiya a hankali, sai kwatsam a saki naushi ko a buga ƙafa a ƙasa. Ɗaya daga cikin motsin farko-farko ma, jingang daodui, yana ƙarewa ne da dunƙulen hannun dama ya faɗa cikin tafin hagu tare da dukan ƙasa da ƙafar dama. Idan yaran makarantar suka yi shi tare, kana jin dirin a ƙirjinka. Sakin ƙarfi farat ɗaya shi ne fajin. Na tsaya kusa da laoshi yana nuna shi: jikinsa a sake tilis, sai ƙugu ya girgiza, naushin ya fita, hannun rigarsa ya yi ƙara, kafin ka ƙifta ido ya koma a sake. Tsari na biyu, paochui, wanda kusan duk tsalle ne da naushi da gwiwar hannu, ba a koya wa sabon shiga, kuma daidai ne.

A ɓangaren faɗa ne ra'ayina ya rabu biyu.

Tuishou shi ne ture-turen hannu tsakanin mutum biyu. Ana haɗa hannu a wuyan hannu da gwiwar hannu, ana zagayawa, kowa na sauraron nauyin ɗan'uwansa ta fata. A nan ake koyon hanyoyi takwas: peng, lü, ji, an, cai, lie, zhou, kao, wato tokarewa, janyewa gefe, matsawa, dannawa, fizga, tsagawa, gwiwar hannu da bangazar kafaɗa. An haɗa ni da wani yaro ɗan shekara 16 ko 17, wanda na tabbata na fi shi da kilo 30. Aka ce in ture shi da gaske. Na sa ƙarfi a ƙirjinsa, sai na ji wurin ya zame, ƙafarsa ta riga ta shiga bayan tawa, kafaɗarsa ta sami haƙarƙarina, sai ga ni a katifa. Na tashi na riƙe shi riƙon kokawa, hannu a wuya hannu a dantse. Wannan karon ya sha wuya kafin ya kayar da ni, amma ya kayar. Wanda ya taɓa tsayawa a filin kokawa bayan girbi zai gane abin nan take: neman gindin abokin karawa ne, da taɗiya, da jiran ya jingina da kai ka janye masa. Bambancin shi ne su sun mayar da abin darasi daki-daki, ba su dogara da ƙarfin dantse ba. A tazarar riƙo da kaye da murɗe gaɓa, wanda suke kira qinna, taicin gidan Chen gaskiya ne. Na ji shi a jikina.

Sai dai tuishou ɗin da muka samu mu baƙi kaɗan ne ƙwarai, ɗan lokaci da yamma, ba kullum ba. Bayanin amfanin motsi kuwa, a kan abokin da ya miƙo hannu ya tsaya ake yinsa. Ya kawo naushi ɗaya a hankali, ya jira a murɗe shi. Babu wanda ke faɗa haka. Babu safar dambe, babu kariyar kai, babu ranar da aka ce yau a gwada da mai kawo duka da gudu. Yaran da ke zaune a makarantar shekara da shekaru suna yin wannan, ina ganinsu suna dukan buhu suna atisayen sanda, wato damben Sinawa na zamani mai haɗe da shuri da kaye. Mu masu zuwa na ɗan lokaci ba a sa mu ciki. Da na yi magana, sai aka ce tushe tukuna. Na yarda tushe ne farko, amma da sun rubuta haka a tallarsu. Sinawa da kansu sun yi ta muhawara a kan wannan tun 2017, lokacin da ɗan damben zamani Xu Xiaodong ya tumurmusa wani mai kiran kansa gwanin taici a Chengdu cikin 'yan daƙiƙoƙi. Abin da wannan karawar ta nuna, a ganina, shi ne wanda bai saba karɓar naushi ba ba zai iya tare shi ba, komai kyan jerin motsinsa. Makarantar da ta sa kalmar faɗa a talla bai kamata ta tsallake wannan ba.

Ƙorafi na biyu: babban malamin da hotonsa ke allon ƙofa ba kasafai muke ganinsa ba, yana yawon bita a wasu garuruwa. Ni na yi sa'a da laoshin da na samu, amma wani rukunin an bar su da matashin da yake nuna motsi daga gaba, ba ya zagayawa gyara. Biyu daga cikinsu sun kama ciwon gwiwa, domin suna yin ƙasa suna murɗa gwiwa maimakon su buɗe matsematsi, ba wanda ya tsayar da su. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gwiwa ta bi saitin yatsun ƙafa, kada ta faɗa ciki, kuma kada a yi gasar yin ƙasa da yaran da suka fara tun suna shekara bakwai. Harshe ma matsala ne. Sinancin kasuwa da nake ji ya taimake ni, duk da karin harshen Henan yana da nauyi. Wanda ba ya ji sam zai dogara da manhajar fassara a waya, ita kuwa ba ta san kan waɗannan kalmomi ba.

Ɗakin kwana ba laifi, akwai ruwan zafi, amma sanyin Henan a ƙarshen hunturu ba irin na Guangzhou ba ne, a tafi da rigunan kirki.

Ga ɗan'uwa Musulmi akwai abubuwan da ya kamata ya sani tun daga gida. Kicin ɗin makaranta yana dafa naman alade, kuma tukunya ɗaya ce. Na yi magana tun ranar farko, suka ware mini tukunya, ana yi mini ƙwai da ganye da shinkafa da burodinsu na turara, wani lokaci da doyar nan siririya da gundumar ta yi suna da ita. Idan na so nama, sai in shiga gari in nemi shagon taliya na Musulmi 'yan ƙabilar Hui, masu alamar qingzhen a ƙofa. Henan na da Musulmi da yawa, amma Juma'a sai an ɗauki mota. Sallah ba wanda ya hana ni, laoshi ma da kansa yake duba agogo ya ce in je. Gaisuwar aji ita ce a haɗa dunƙulen hannun dama da tafin hagu a gaban ƙirji, ba ruku'u a ciki. Amma akwai zauren kakannin gidan Chen inda ake ƙona turare ana rusunawa, akwai kuma bikin zama almajiri na musamman, baishi, wanda a al'adance ake durƙusa wa malami har goshi ya kai ƙasa. Na gaya musu addinina bai yarda da wannan ba. Ba wanda ya ɓata rai, kuma bai rage komai a karatuna ba.

Bayana ya yi sauƙi sosai, ko da yake ba zan ce ya warke ba, kuma wanda ke da ciwo na gaske ya fara ganin likita. Ina iya tsayuwar lodi yanzu ba tare da neman abin jingina ba. A horon cikin jiki makarantar ta cika alkawari har da ƙari. A faɗa kuwa ta nuna mini cewa abin yana nan, amma ba ta ba ni shi ba, kuma na fahimci aikin shekaru ne, ba na hutu ɗaya ba. Wanda yake son kare kansa cikin wata shida ya nemi dambe, ko damben Sinawan nan da ake kira sanda, ko shuaijiao, kokawar Sinawa. Wanda yake son ya san yadda jikinsa ke tsaye da yadda ƙarfi ke tasowa daga ƙasa, kuma yana da haƙurin maimaita abu ɗaya har ya gaji, kuɗinsa ba zai tafi a banza ba. Ni ina da niyyar komawa wajen wannan laoshin, amma da sharaɗin tuishou kullum.

Kafin ka biya, ka tambaye su ta manhajar saƙo ta WeChat wane ne zai koyar da kai da hannunsa, kuma mutum nawa ne a rukuninsa. Ka tambayi awa nawa ake tuishou a mako, ko ana barin baƙi su sa safa su gwada, da yadda za a yi da abincinka. Su rubuto maka amsa, kuma ka fara da kuɗin mako ɗaya kafin ka biya na wata.